Yadda Bamana Suke Haɗa Kan Ciwara, Daga Gungumen Itace Zuwa Bakin Gona

A ƙasar Mali, musamman a yankunan Segu, Kulikoro, Bamako da Sikaso inda al'ummar Bamana suka fi yawa, akwai wani sassaƙen itace mai siffar gwanki wanda manomi yake ɗaurawa a tsakiyar kansa ya yi rawa da shi a bakin gona. Sunansa Ciwara. Turawa sun rubuta sunan ta hanyoyi iri-iri, wasu Chiwara wasu Tyi Wara, amma mai karatun Hausa ba shi da wata matsala da shi, domin harafin c a rubutun harshen Bamana ana furta shi ne kamar yadda muke furta shi a kalmar ciyawa. Sunan ya haɗa kalmomi biyu: ci, wato aikin noma, da wara, wato dabbar dawa mai ƙarfi. Idan Bamana suka kira mutum ciwara, suna nufin cewa in ya shiga gona zaki ne, babu mai riga shi kaiwa ƙarshen kunya. Shi kuwa sassaƙen da ake ɗorawa a ka, ana ce masa ciwara kun, wato kan Ciwara.

Abin da ake gani a bayan gilashi a gidajen tarihi na Turai da Amurka kai ne tsurarsa, an cire masa kwandon da yake zama a kai, an cire masa rigar zare, sau da yawa ma an raba shi da abokiyar tafiyarsa. A ganina wannan bai kai rabin abin ba. A wurin manomin Bamana aikin ba ya ƙarewa ranar da maƙeri, wanda shi ne masassaƙi a wurinsu, ya ajiye gizagonsa. Yana ƙarewa ne ranar da kai biyu, na namiji da na mace, suka fito gaban masu noma ana kiɗa ana waƙa. Saboda haka matakan da ke tafe sun bi aikin tun daga labarin da ake sassaƙawa har zuwa ranar da za a mayar da kayan ma'ajiya.

Mataki na farko: sanin labarin da za a sassaƙa

Maƙerin Bamana ba ya zama don ya kwaikwayi gwanki kamar yadda yake a daji. Labari yake sassaƙawa, kuma wanda bai san labarin ba ba zai gane dalilin da ya sa ƙaho ya yi wannan tsawo ko ƙafafu suka yi wannan gajarta ba. A labarin asali na Bamana, Ciwara wata halitta ce rabi mutum rabi dabba, wadda wata tsohuwa ta farkon zamani mai suna Muso Koroni ta haifa da maciji. A lokacin mutane ba su san noma ba. Shi ne ya fara tonon ƙasa da faratansa da wata sanda mai tsini, ya nuna musu yadda ake shuka da yadda ake kula da ita, har hatsi ya yalwata. Da rumbuna suka cika sai mutane suka shiga almubazzaranci da abinci. Ransa ya ɓaci, ya tona rami ya binne kansa. Da suka ga irin asarar da suka tafka, sai suka haɗa wani abin tsafi da ake kira boli domin ruhinsa ya sami mazauni, suka kuma sassaƙa kawuna masu kama da shi domin tunawa da wanda ya koya musu riƙe fartanya.

Dabbobi uku ne suka fi fitowa a jikin sassaƙen, kuma kowacce da aikinta. Gwanki shi ne kan gaba, saboda ƙarfinsa da tsallensa da kuma ƙahoninsa masu lanƙwasa zuwa baya. Na biyu shi ne dabgi, wanda Bamana suke kira timba. Duk wanda ya taɓa ganin ramin dabgi ya san babu dabbar da ta kai shi iya tonon ƙasa, kuma manomi abin da yake fata ke nan. Na uku ita ce dabbar nan mai ɓawo-ɓawo a jiki wadda take naɗe kanta ta dunƙule idan ta ji motsi, wadda wasu Hausawa suke kira ɗan kunya, ita ma gwanar tono ce. Maƙeri yakan ɗauki ƙaho daga wannan, gangar jiki daga wancan, lanƙwasar baya daga waccan, ya haɗa halittar da babu ita a kowane daji.

Mataki na biyu: waɗanda suke ba da aikin da wanda yake karɓa

Kan Ciwara ba kayan mutum ɗaya ba ne. Masanin al'adu Dominique Zahan, wanda ya daɗe yana aiki a yankin Segu, ya lissafa ƙungiyoyin asiri shida na Bamana: Ndomo, Komo, Nama, Kono, Ciwara da Kore. A cikinsu Ciwara ce take kula da ilimin noma, kuma ita ce ba ta kore mata daga wasanta ba, domin noman da babu mata a cikinsa ba noma ba ne a ƙasar Bamana. Bayan wannan ƙungiya akwai ton, wato ƙungiyar samari da 'yan mata ta ƙauye, wadda take yin aikin gona tare a biya ta da hatsi, dabba ko kuɗi, ta tara abin da ta samu ta yi biki da shi. Mai karatun da ya san gayya ya riga ya san rabin aikin ton, sai dai ita ton tsayayyiyar ƙungiya ce mai shugabanni da dokoki da tara ga wanda ya makara. Ba ƙaramin abu ba ce a tarihinsu: Biton Kulibali, wanda ya kafa daular Segu wajen 1712, daga shugabancin ton ya taso. A ƙauyuka da yawa a yau ton ce take mallakar kawunan Ciwara, ita ce kuma take zuwa wurin maƙeri ta ba da aiki.

Shi maƙerin ana ce masa numu. A ƙasar Hausa maƙeri daban, masassaƙi daban, amma a wurin Bamana numu ɗaya ne yake ƙera fartanya ya kuma sassaƙa itace, matan gidansa kuma su ne masu ginin tukwane. Sana'a ce ta gado, suna aure a tsakaninsu, kuma sunayen zuriya irin su Kante, Fane da Balo sanannu ne a cikinsu. Bamana sun yi imani cewa akwai wani ƙarfi ɓoyayye mai suna nyama a cikin ƙarfe da itace da jini, kuma numu ne aka sani da iya sarrafa shi ba tare da ya cutu ba. Wannan ne ya sa ba a ba kowa aikin. Akwai kuma hikima a cikin lamarin, domin hannun da ya ƙera fartanyar da za a yi noma da ita shi ne yake sassaƙa siffar wanda ya koyar da noman.

Mataki na uku: zaɓen salo

Kafin a taɓa itace sai an san irin kan da ake so, kuma yawanci yankin da ƙauyen yake shi ne yake yanke wannan hukunci. Masana sun kasa kawunan Ciwara gida uku.

Akwai salon tsaye, wanda aka fi sani da yankin Segu da gabashin ƙasar Bamana. Shi ne wanda ya fi shahara a hotuna: dogon wuya mai lanƙwasa, geza mai huji-huji, ƙahoni a miƙe sama, da ɗan ƙaramin jiki a ƙasa. Na namiji yakan doshi mita ɗaya a tsawo. Akwai salon kwance, na yankin Beledugu da ke arewa da Bamako, inda ƙahoni suke shimfiɗe zuwa baya a saman gadon bayan dabbar, jikin ya fi kama da na dabgi, baki a buɗe, wutsiya kuma wani lokaci a naɗe kamar ta hawainiya. Wannan ana danganta shi da ƙungiyar noma da ake kira gonzon. Na uku shi ne salon yankin Buguni a kudu, wanda a kallon farko ba a gane ko mene ne, domin maƙeri yana ɗora dabbobin ne bisa juna, dabgi a ƙasa, dunƙulalliyar dabba a tsakiya, ƙahoni da kunnuwa a sama, har abin ya zama zane-zane masu kusurwa. Akwai ɗan'uwansa da ake kira sogoni kun, wanda ya fito daga yankin Wasulu, shi ma a kudu, kuma shi wasan nishaɗi ne fiye da ibada. Kalmar sogo a harshensu tana nufin nama, tana kuma nufin dabbar dawa, kamar yadda mu ma muke cewa naman daji.

Bayanin da ke biye ya fi karkata ga salon tsaye, domin a cikinsa ne bambancin namiji da mace ya fi fitowa fili.

Mataki na huɗu: saran itace da fitar da siffa

Ana neman itacen da ba shi da nauyi sosai, tun da a kan mutum zai zauna yana tsalle da shi, amma kuma wanda ba ya tsagewa da sauƙi. A al'adar da, numu ba ya sare bishiya haka kawai. Yakan yi roƙo ko ya ba da wani ɗan abu ga abin da aka yi imani yana zaune a cikinta. Yana fara aiki tun itacen da sauran ɗanyensa, domin a lokacin ne gizago yake shiga da sauƙi.

Kan salon tsaye daga gungume ɗaya ake fitar da shi, ba a haɗi ba a manni. Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure wa mai kallo kai, domin ƙahonin sirara ne, gezar kuma duk huji ce, amma dukkansu jiki ɗaya ne da ƙafafun da ke ƙasa. Maƙeri yana tsayar da aikinsa ta yadda tsawon ƙaho zai bi tsawon jijiyar itace, in ba haka ba ƙahon zai karye tun kafin a gama. Da babban gizago yake fara rage gungumen ya mayar da shi kamar allo mai kauri, ya yi alamar inda kai zai tsaya, inda wuya zai lanƙwasa, inda gindi zai kasance. Ba ya zana komai a takarda, siffar tana cikin kansa. Daga nan sai ƙaramin gizago, sannan wuƙa. Wuraren da wuƙa ba ta kaiwa, yakan sa ƙarfe a wuta ya yi ja ya huda su.

Salon kwance ya saɓa wa wannan ƙa'ida. Shi gida biyu ake sassaƙa shi, kai da wuya daban, gangar jiki daban, sannan a haɗa su a wuya da lanƙwasassun ƙusoshin ƙarfe. Wanda ya ga wannan haɗi a wuyan sassaƙe kada ya ɗauka karyewa ya yi aka gyara.

Mataki na biyar: sassaƙa namiji

A nan ne ake gane gwanin maƙeri, kuma a nan ya kamata a dakata a duba da kyau.

Fuskar namiji doguwa ce, siririya, ta sunkuya ƙasa kamar bakin fartanya da ke shirin shiga ƙasa. Kunnuwansa dogaye ne a tsaye, kuma fassarar da ake ba su ita ce manomi yana sauraron waƙar da mata suke yi masa don ya ƙara himma. Ƙahoninsa suna tashi sama su ɗan lanƙwasa zuwa baya irin na gwanki, a kuma yi musu tsage-tsage a zagaye tun daga gindi har kusa da tsini. Wanda ya tsaya a gonar gero a watan Agusta ya ga yadda kara yake miƙewa gaɓa bayan gaɓa, zai gane abin da maƙerin yake nufi, domin ƙahonin suna wakiltar tashin hatsi ne.

Gezar ita ce zuciyar aikin. Tana farawa daga ƙeyar kai ta bi bayan wuya ta sauka har gadon baya, ta yi faɗi kamar mafici. Maƙeri yana fitar da layuka biyu ko uku masu lanƙwasa, ɗaya a bayan ɗaya, sannan ya haɗa su da ƙananan sanduna da suke hawa da sauka, ya ƙwaƙule itacen da ke tsakaninsu har haske ya riƙa wucewa. Abin da ya rage bai fi kaurin yatsa ba a wasu wuraren, kuma kuskuren sara ɗaya ya isa ya ɓata aikin kwanaki. Wannan huji yana da amfani biyu. Yana rage nauyi, yana kuma barin iska ta wuce lokacin da mai rawa yake juyi. Ta fuskar ma'ana kuwa, masu fassara irin su Zahan sun ce hawa da saukar zanen yana nuna tafiyar rana a sararin sama daga wannan gefe zuwa wancan a tsawon shekara, domin namijin Ciwara rana yake wakilta. Wasu kuma suna ganin gudun gwanki ne a ciki, wanda ba ya tafiya a miƙe. Idan rana ta yi gefe da yamma, inuwar gezar takan faɗi a ƙasa ta riƙa motsi da motsin mai rawa, kuma ina ganin wanda ya fara tunanin huda gezar ya san da wannan.

Jikin da ke ƙarƙashin duk wannan ƙarami ne, bai yi daidai da girman wuya da kai ba, ƙafafunsa gajeru a ɗan tanƙware kamar na dabbar da ke shirin tono ko tsalle. Ana fitar da al'aurar namijin a fili tana fuskantar ƙasa, kuma wannan ba batsa ba ce a wurinsu, alama ce ta iri da ke shiga ƙasa. A ƙarshe ana barin wani ɗan faffaɗan gindi a ƙarƙashin ƙafafu, a huda shi, domin ta nan za a ɗaure kan a jikin kwando.

Mataki na shida: sassaƙa mace

Macen ba ta da geza, kuma ƙahoninta a miƙe suke sambal babu lanƙwasa. Abin da ake gane ta da shi tun daga nesa shi ne ɗan da take goye da shi a gadon baya, ƙaramin gwanki da ƙahoninsa da komai, wanda aka fitar daga wannan gungume ɗaya. Babu gwankin da yake goya ɗansa a daji. Macen Bamana ce take goyo tana aikin gona, kuma ita maƙerin ya kalla. Macen Ciwara ƙasa take wakilta, ɗan da ke bayanta kuma 'yan Adam ne da ƙasa take ɗauke da su. Ta fi namijin sauƙin aiki, amma ba a yin ɗaya a bar ɗaya.

Mataki na bakwai: baƙantawa da ado

Idan siffa ta kammala, ana goge jikin da wuƙa da ganye mai kaushi har ya yi santsi, a yi masa ƙananan zane-zane masu kusurwa uku a fuska da wuya. Daga nan sai a ɗauki ƙarfe mai zafi a bi jikin da shi ya babbake sama-sama, sannan a shafa man kaɗanya ya shiga cikin itacen. Wannan ne yake ba shi baƙin nan mai sheƙi, yana kuma taimakawa wajen hana shi tsagewa. Ado ya danganta da ƙarfin masu shi. Wasu ana lulluɓe fuskarsu da siraran faranta na ƙarfe ko tagulla a buga da ƙananan ƙusoshi, wasu a sa musu 'yan kunne da zoben hanci, wasu a ɗaura musu wuri, duwatsun ado ko tuntun jan zare a tsinin ƙaho da kunne. 'Yan matan ton sukan ƙara nasu adon kafin ranar wasa, shi ya sa kai ɗaya yakan canja kama daga shekara zuwa shekara.

Mataki na takwas: kwando da rigar zare

Kan Ciwara ba ya rufe fuska, a saman kai yake zama. Ana saƙa ɗan kwando daidai kan mutum, kamar malafa marar baki, a ɗora gindin sassaƙen a kansa, a zura igiya ta hujojin nan a ɗaure tamau. Kwandon yana da maɗauri da yake bi ta ƙarƙashin haɓa. Wanda ya san yadda maharbanmu suke ɗaura burtu a ka su duƙa su bi dabba zai iya kwatanta yadda abin yake, sai dai burtu don ɓuya ake sa shi, Ciwara kuwa don a gani.

A gefen kwandon ake ɗinka dogayen zaruruwan tsiro da aka rina suka yi baƙi ko duhu, su zubo su rufe fuska da kafaɗu da jiki har kusa da ƙasa. A wasu ƙauyuka ana ƙara ƙyalle a fuska mai hujin ido. Wannan zare ruwa yake wakilta, kuma idan mai rawa ya girgiza sai ya riƙa zuba yana kaɗawa kamar saukar ruwan sama. Da shi ne lissafin yake cika: rana a kan namiji, ƙasa a kan mace, ruwa a jikin su biyun, abubuwa uku da babu shukar da take fita sai da su. Gidan tarihin da ya nuna kai ba tare da zare ba, ruwan ya cire daga cikin lissafin.

Abu na ƙarshe a kayan shi ne sanduna biyu da kowane mai rawa yake riƙewa, waɗanda ake kira sunsun. Su ne ƙafafun gaba na dabbar, su ne kuma suke tuna da sandar da Ciwara ya fara tonon ƙasa da ita.

Mataki na tara: zaɓen masu ɗauka

Maza biyu ne suke ɗauka, har da wanda zai ɗauki kan mace. Ba iya rawa ake fara dubawa ba, noma ake dubawa. Samarin da suka fi kowa himma a gonakin ton, waɗanda ba a taɓa ganin sun miƙe suna dafe ƙugu alhali sauran suna duƙe ba, su ake ba wannan girma, kuma saurayi yakan yi alfahari da shi har tsufansa. Yana da kama da yadda sarautar Sarkin Noma take a asalinta a ƙasar Hausa, wadda yawan damman da mutum ya noma ne yake kai shi gare ta.

A inda ake riƙe da addinin gargajiya, kafin a fito da kawunan akan yi yanka a kan boli, yawanci kaji, a zuba farau-farau na gero, a ba da goro. A nan ne al'adar ta fi canjawa. Musulunci ya daɗe yana shiga ƙasar Bamana, kuma ya ƙara ƙarfi bayan Alhaji Umaru Tal, wanda ya zauna shekaru a Sakkwato ya kuma auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya ci Segu a 1861. Likitan nan ɗan Amurka, Pascal James Imperato, wanda ya je Mali aikin rigakafin agana a ƙarshen shekarun 1960 ya kuma yi rubutu a kan wannan rawa a 1970, ya tarar cewa a wurare da dama ɓangaren ibada ya ja baya, wasan ya koma hannun ƙungiyoyin samari. Ƙauyuka da yawa sun bar yankan sun riƙe rawar a matsayin yabon manomi.

Mataki na goma: fita

Lokacin fita yana bin kalandar noma: gab da faɗuwar damina lokacin sharar gona, ko a tsakiyar damina ranar da ton take noman gayya ko gasar noma, ko bayan girbi a dandalin ƙauye. Wanda ya fi nuna ainihin ma'anar abin shi ne na gona.

Samari suna jere kowa da kunyarsa, riƙe da fartanya mai gajeriyar ƙota wadda suke kira daba, makaɗa suna binsu a baya kamar yadda gangar noma take bin 'yan gayya. Mata suna gefe suna tafi suna waƙa, suna yabon wanda ya yi gaba, suna zolayar wanda ya yi baya, suna ambaton iyaye da kakannin da aka sani da noma. Ana cikin haka sai Ciwara biyu su ɓullo daga wajen daji, namiji a gaba mace a baya. Ba a tsaye suke tafiya ba. A duƙe suke, sun dogara a kan sandunan nan biyu, kuma wannan duƙawa ita ce ta mai noma, na duƙe tsohon ciniki. Da yake mai rawa ya sunkuya, kan da ke samansa sai ya zama shi ne ake gani, ƙahoni suna yankar iska, mutum ya ɓace a cikin zare.

Rawar kwaikwayon gwanki ce. Namijin yakan yi tsalle, ya juya kai hagu da dama, ya tsaya cak kamar dabbar da ta ji motsi, ya tona ƙasa da sandunansa, ya yi wani ƙara mai kaifi, sannan ya zabura ya zagaya filin. Macen tana biye da shi da taku mai natsuwa. A bayan kowannensu akwai budurwa riƙe da mafici tana yi masa fifita. Zafi ne a cikin zaren ba kaɗan ba, amma Bamana suna kuma ganin fifitar tana watsa ƙarfin Ciwara a kan jama'a. Ba a raba su biyun, tare suke shiga tare suke fita. Masu noma kuwa ba sa ajiye fartanya don su yi kallo, ƙara sauri suke yi, domin kowa yana so a ce a gabansa Ciwara ya tsaya.

Wahalar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce. Mutum yana duƙe, ba ya gani sosai ta cikin zare, da itace mai kusan mita ɗaya a kansa wanda iska take kaɗawa, kuma ana so ya yi tsalle ba tare da kan ya karkace ba. Maɗaurin haɓa da ƙarfin wuya su ne suke riƙe da komai, shi ya sa ake ɗaukar lokaci wajen ɗaurin kafin a fito.

Mataki na goma sha ɗaya: mayar da kaya ma'ajiya

Bayan wasa ana kwance kayan a keɓe, ba a gaban jama'a ba. Ana shanya zaren ya sha iska, a sake shafa wa itacen mai, a ajiye shi a wurin da aka ba amana, nesa da ƙasa saboda gara. Idan ƙaho ya karye ba a yar da kan, numu yakan ɗaure shi da fata ko ya kama shi da ƙarfe. Idan ya lalace gaba ɗaya sai a ba da aikin sabo.

A yau Ciwara ya zama ɗaya daga cikin alamomin ƙasar Mali, ana ganinsa a tamburan kamfanoni da kan sarkin gidan waya, ana kuma ba da shi kyauta ga wanda ya yi fice a aikinsa. Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Bamako yana da tsofaffin kawuna, kuma gidan tarihin Quai Branly da ke Faris ya yi baje koli na musamman a kansu a 2006. Masassaƙa a kasuwannin Bamako da Segu suna yin dubbai domin baƙi, kuma sana'a ce ta halal, sai dai wanda aka yi don ado daban yake da wanda ya yi aiki. Mai son ya bambance su ya juya gindin ya duba. Wanda aka taɓa rawa da shi, hujojin da igiya take bi sun goge sun yi santsi, wuyan ya yi duhu a inda hannu yake kamawa, sau da yawa kuma akwai tabon gyara a ƙaho ko a geza. Na kasuwa kuwa yakan yi nauyi fiye da yadda wuya zai ɗauka, baƙinsa iri ɗaya ne daga sama har ƙasa, wani lokaci ma gindin nasa babu huji ko ɗaya.